Jar Mota a Kwatar Sheshe

Ni ɗan fari ne, mahaifina kuma mutumin da ne na cikin birni, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta yi musu yawa. Tun da aka yaye ni aka ɗauke ni daga gidanmu na Koki, aka kai ni Dukawuya hannun gwaggona, yayarsa, can na tashi. Bai taɓa kama sunana ba. In dole ta kama shi sai ya ce "yaron wajen Yaya." In na je gaishe shi nakan cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa can nesa, ya amsa yana duban bango ko yana gyaran bakin rigarsa. Ko goro zai ba ni, sai ya bi ta hannun Gwaggo.

Ban taɓa ganin laifinsa ba, don haka na taso na ga ana yi a gidaje da yawa. Amma gaskiya abin yana cina. Ƙannena suna zama kusa da shi a rumfarsa ta kasuwar Kurmi, inda yake sayar da rawuna da baƙaƙen riguna masu shuni, yana musu faɗa, yana aikensu, har da rankwashi. Ni ko rankwashin ban samu ba. Burina guda ne tun ina ƙarami, in yi wani abin da zai sa mutumin nan ya ɗago ido ya dube ni sosai sau ɗaya. Na sauke Alƙur'ani, ya aiko da rago. Na gama makarantar boko na samu aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa, ya aiko da riga. Idon dai ban samu ba.

A shekarun nan da ake ta maganar Turawa za su tafi, wani Bature a kamfaninmu ya tashi komawa ƙasarsu, ya sa motarsa a kasuwa. Wata 'yar ja ce mai kujera biyu, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake ja in ruwa ya sauko. Hancinta dogo, gindinta gajere, ta kwanta ƙasa har mutum yana zaune ciki zai iya miƙa hannu ya taɓa ƙasa. Ƙafafunta na waya ne irin na keke, suna sheƙi in tana gudu. Masu hankali a ofis suka duba suka wuce, domin ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar komai sai mai ita da girman kansa. Ni kuwa na tattara abin da na tara na saye ta. A raina na ce duk Koki babu ɗan da ya taɓa kawo wa ubansa irin wannan.

Sai da ta zama tawa na fara ganin aibinta. Tayoyin sun suɗe sun yi sanƙo. Sifirin na baya ya gaji, motar ta zauna a kansa, in ta faɗa rami sai ka ji a ƙashin bayanka. Aka nuna mini wani tsohon makaniki a Fagge, wanda ya yi shekaru yana jan manyan motocin gyaɗa kafin idonsa ya rage ya koma gyara. Baba muke ce masa. Shi kuma Malam Akawu yake ce mini, da wata murya da ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Baba ya zagaye motar sau biyu, ya danna gindinta da gwiwa ya saki, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta. Ya auna tsakanin cikin motar da ƙasa da hannunsa, bai cika taƙi ɗaya ba. Da ya tashi ya karkaɗe jiki, ya tambaye ni ina nake kwana. Na ce Dukawuya. Ya ce iyayena fa? Na ce Koki. Ya yi dariya har da tari, ya ce Baturen da ya sayar mini bai taɓa shiga da ita ta ƙofar gari ba, daga Nasarawa sai ofis sai kulob, duk a kan kwalta.

Ya jawo ni bayan rumfarsa ya nuna mini abu biyu. A gefe ɗaya ga wilin ƙarfe guda huɗu da ya ciro daga wata kiya-kiya, 'yar motar ɗaukar kaya, da ta mutu, baƙaƙe, masu nauyi, ba kyan gani, da manyan tayoyi masu kaurin zane. Ya ce zai san dabarar da zai yi su zauna, ya kuma ƙara falle biyu a kowane sifirin na baya, motar ta tashi sama kamar yatsa huɗu. A ɗaya gefen ga siraran tayoyi sababbi irin nata na asali, waɗanda za su hau wilin waya yadda suke, sifirin kuma a buge shi a mayar, ba ƙari.

"Malam Akawu," ya ce, "mota ba hula ba ce da za a zaɓa a madubi. Faɗa mini wa za ka ɗauka, ta ina kuma za ka bi, in faɗa maka ƙafar da za ka sa mata."

Na san amsar. Mutum ɗaya nake so in ɗauka a duniya, kuma babban mutum ne mai jiki, in ya sa riga biyu da rawani ya kai mutum ɗaya da rabi. Hanyar kuma lungunan birni ce, da kwatoci da ramuka da gadojin azara. Amma na dubi baƙaƙen wilin nan, na hango jar motata a kansu ta yi tsayi kamar jaki a kan duwatsun murhu, na ji abokan aikina suna dariya. Me ya rage mata in ta rasa ƙafafun nan masu sheƙi? Sai na buɗe baki na yi ƙarya. Na ce ni kaɗai zan riƙa hawa, kuma kwalta zan bi.

Ya yi ta ƙoƙari. Ya ce to a bar wilin wayar, a ƙara fallen sifirin kawai, ba mai gani sai wanda ya kwanta a ƙasa. Na ce gindinta zai ɗaga, kuma Bature ya gaya mini kwanciyar nan ita ce ke riƙe ta a kwana in ana gudu. Ya ce wane gudu zan yi tsakanin Dukawuya da Koki, inda akuya ma sai ta ga dama take matsawa? Raina ya ɓaci. Na gaya masa, da 'yar Turancin da na san ba ya ji, cewa waɗanda suka ƙera motar sun fi shi sanin abin da ya dace da ita, shi motar gyaɗa ya sani. Tsoho ne da ya haifi kamata. Ya dube ni, ya ce to, kuɗina ne, motata ce. Har yau in na tuna wannan maganar nakan ji kamar in rufe fuska.

Ya yi aikin yadda na ce, kuma ya yi shi da kyau. Ni na ƙara da sayen farin fenti, na bi gefen tayoyin na shafa, don na ga haka a hoton wata kalanda.

Wata biyu ina fama da ita a birni, kuma na koyi halinta. Rairayi yana riƙe ta, rami yana dukan cikinta. Mafi muni wata 'yar gada ce a Sheshe, inda babbar kwata ta ratsa lungu, aka jera azara a kai aka tula ƙasa, ta yi doro. In ni kaɗai ne, na bi a hankali a karkace, takan goga ciki ta wuce. In mu biyu ne ba ta wucewa. Akwai wani abokin aikina, siriri ne ma kamar tsinke, da ke zaune a unguwar, duk sanda na rage masa hanya sai ya sauka kafin gadar, na haye, ya sake shiga. Har ya zama abin wasa tsakaninmu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na san gadar nan kamar yunwar cikina.

Ranar da na fara kai motar Koki don a sa mata albarka, mahaifina bai fito ba. Ya aiko ƙanensa ya duba ya yi addu'a. Daga baya Gwaggo ta ce mahaifin nawa ya tambaye ta ko ba a samu mai rufi ba ne.

Da damina ta yi nisa, kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu, ƙasan gwiwa. Wanda bai ga zamanin kurkunu ba, ba zai san wahalarsa ba. Tsutsa ce doguwa fara kamar zare, tana leƙowa daga gyambo, a kama kanta a naɗe a tsinke, kullum a murɗa kaɗan, a ɗaure da tsumma. Haƙuri take so. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ya nakasa. Mahaifina ya yi sati uku a kwance, an naɗe fiye da rabi, ana cewa saura ƙiris.

Sai ga rasuwa. Amininsa na Sheshe, wanda aka yi musu kaciya tare, suka yi fatauci tare, ya cika da asuba. Aka yi jana'iza da hantsi babu shi. Gwaggo ta ce tun da take da ƙanenta ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce ko da jan gindi ne sai ya je gaisuwa kafin rana ta faɗi. Jaki ba ya hawuwa da ƙafar nan, a ɗauke shi a kan gado kuma kamar gawa ya ƙi. Ita ce ta tuna da motata, ta ce ai a cikinta mutum a miƙe yake zama, ƙafa ba ta lanƙwasa. Sai ya ce a kira yaron.

Mutuwa aka yi, amma da saƙon ya same ni a ofis murna na yi. Na wanke motar, na goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na sa farar taguwa. Gwaggo ta tare ni a ƙofar gida ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce in tsaya a bakin lungun, wajen babbar hanya, akwai mutum biyu da za su jira su tallafe shi, taku kaɗan ne zuwa gidan makokin. Na ce to.

Bayan la'asar aka fito da shi. An yi ruwa da rana, ƙasa duk ta jiƙe. Ya sa babbar riga baƙa da rawani mai shuni. Aka zaunar da shi a hankali, aka miƙe ƙafar a kan matashi. Na ji motar ta nutse ta gefensa, sifirin ya yi ƙara. Na zagayo na shiga. Kujerun a matse suke, babu yadda za a yi, kafaɗarsa ta jingina da tawa. Shekarata ashirin da wani abu, ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ina jin numfashinsa, ina jin ƙamshin turarensa da na shuni. Ya kau da kai yana kallon katangu, yana jan carbi. Na tayar da mota muka kama hanya.

Muka iso Sheshe. Na hango mutum biyun a tsaye a bakin lungu. Na kuma hango can ciki, bayan gadar, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan Kurmi sun cika wurin, mutanen da suka san mahaifina tun ban zo duniya ba. Wani abu ya shiga kaina. Na ce in na tsaya a nan, wa zai ga wanda ya kawo shi? Za a ga gurgu ne an riƙo shi. In na kai shi har bakin tabarma kuwa, kowa zai ga ɗansa ya sauke shi daga mota. Gidan mutuwa ne fa, mutane suna zaman makoki, ni ina lissafin wanda zai gan ni. Na karya kan mota na shiga lungun, na bar mutanen nan biyu da hannu a sama.

Sai da na taho daf da gadar hankalina ya dawo. Lungun ba ya juyuwa. Abin da ya rage in tsaya, in ce, "Baba, sai an sauka." Kalma huɗu ce. Na taka birki, na buɗe baki, suka ƙi fitowa. Ni da ban taɓa gaya masa komai ba bayan ina kwana da ina wuni, maganata ta farko gare shi ta zama in ce ya sauka, a tsakiyar taɓo, a gaban abokansa? Ya za a yi ɗa ya sauke ubansa? Ko in ce masa ya yi nauyi? Ya ɗan juyo kamar zai tambayi dalilin tsayawar, shi ma kunya ta hana shi. Muka zauna haka, injin yana kaɗawa, mutanen kan tabarma duk sun zubo ido. Sai wauta ta ba ni shawara, ta ce in na zo da ƙarfi za ta tsallake. Na ja baya kaɗan, na sa giya, na taka totur.

Ƙafafun gaba suka hau. Cikin motar ya daki doron gadar da wata ƙara da na ji har cikin haƙorina. Sifirin hagu ya karye kamar an harba bindiga. Ƙasar gefen gadar da ruwa ya jiƙa ta zame, siririyar tayar baya ta sulale daga kan azara, wayoyin suka lanƙwashe, motar ta kwanta ta gefen mahaifina cikin kwata. Goshina ya bugi ƙarfen gilashi. Ban suma ba, amma jini ya rufe mini ido, na kasa ganin komai, na kasa motsi.

A cikin duhun nan na ji an kira sunana. Sau biyu, da ƙarfi, da muryar da na sani amma ban taɓa jin ta haka ba. Hannu biyu suka kama kaina. Aka danna mini wani ƙyalle a goshi, aka share mini ido. Da na buɗe, fuskarsa ce a gabana, kusa, idonsa cikin nawa, kansa ba komai. Rawaninsa ya warware da hannunsa ya toshe mini ciwon.

"Kana ji na?" ya ce. "Kana ganina?"

Na ce ina gani. A lokacin ne shi da ni muka lura da shirun da wurin ya yi. Dattawa sun taso sun kewaye mu. Wani ya yi gyaran murya, wani ya kau da kai. Mahaifina ya saki kaina a hankali, ya mayar da fuskarsa wajen katanga. Sai a sannan aka ga ƙafarsa. Don ya kai gare ni, ya yunƙura ne ya dafa da ita, ta fita ta ƙofar da ta ɓalle ta nutse cikin baƙin ruwan kwata har gwiwa. Tsumman ya kwance. Tsinken yana yawo a kan ruwa.

Aka ɗauke shi cak, mutum huɗu, irin ɗaukar da ya ƙi a gida. Aka wanke ƙafar, wani ya ara masa hula. Ya zauna a kan tabarma da jiƙaƙƙiyar riga mai warin kwata, ya yi wa 'ya'yan amininsa ta'aziyya, ya yi addu'a har ƙarshe, muryarsa ba ta karye ba. Ni ina tsaye jikin katanga da rawaninsa a goshi. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da na fi samun sauƙi. Matasan unguwa suka ɗaga motar da hannu suka jingine ta gefe don a sami hanyar wucewa.

Washegari da yamma Baban Fagge ya zo da kansa. Na kwana ina shirya abin da zan ce masa, har na riga na gaya wa mutanen ofis cewa makaniki ne ya yi mini aikin banza. Ya durƙusa ya duba karyayyen sifirin, ya shafa wilin da ya murɗe. Ina jira ya ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba. Tambayata ya yi jikin tsoho. Daga baya ya sa mata baƙaƙen wilin nan da ƙarin falle, ta tashi sama, ta yi muni, ta riƙa haye gadar Sheshe da mutum biyu ba ko gogawa. Mahaifina dai bai sake shigarta ba, ban kuma sami fuskar da zan roƙa ba.

Kurkunun ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, ya yi wata uku a kwance, wanzamai suka yi nasu, aka kai shi asibiti suka yi nasu. Da ya tashi, gwiwar ta sandare. Na je wajen Gwaggo ina kuka, na ce ta roƙar mini gafara. Ta dawo ta ce ya ce ƙafa ta Allah ce, babu komai. Ta ce abin da ya fi damunsa, wanda ya sa ya daɗe bai koma Kurmi ba bayan ya warke, shi ne duk abokansa sun ji abin da ya fito daga bakinsa. Muka koma yadda muke. Ina durƙusawa nesa, yana amsawa yana duban bango.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma bai sake yin sujada ba. A zaune yake salla, a ƙarshen sahu, ƙafar a miƙe gabansa. Ran Juma'a nakan tsaya sahun bayansa, in na sunkuya ruku'u idona a kan ƙafar nan yake sauka. Mutane sun ɗauka kunyar abin da na yi masa ce ta sa ba na iya ɗaga kai a gabansa, kuma akwai wannan. Amma akwai wadda ta fi ta, wadda ko Gwaggo ban gaya wa ba har ta rasu. A cikin kwatar nan, jini na zuba, ƙafarsa tana cikin ƙazanta, da na ji sunana a bakinsa, daɗi na ji. Na yi istigfari a kan wannan ba iyaka. Yanzu na girmi shekarun da ya rasu yana da su, kuma har gobe in na tuna, daɗin ne yake fara zuwa.